Akuyar Wa Ce?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar tafiya. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin isa Sakkwato lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masu tare ta, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ɗakin kwana da cikin aji. Na cusa ta ƙarƙashin atamfarki mai ruwan ganye don na san sai kin sauka kin huce za ki kwance akwatin. Da gangan na yi haka. Ni mutum ne mai baki a gaban allo, amma a gabanki, ke da kika ci sunan mahaifiyata, harshena nauyi yake yi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika baro shi. Ranar Talata da hantsi, kina can wajen sallama da ƙawayenki, na ɗauki littafin gajerun labaran nan da kika bari a kan tabarma, wanda na yi shekara da shekaru ina koyarwa a sakandare a Anka. Na buɗe labarin Tanko mai yasar rijiya, sai ga rubutunki da jan biro a gefen shafin ƙarshe. Kin rubuta: "Gaskiyarsa. Ana kallo ruwa ya ɓaci, ana kallo Almu ya tafi." Na san Wanda kike nufi da mai kallon. Dama na daɗe ina lura da ke, kina sallame sallah kike naɗe darduma, ba ki ɗaga hannu. Uwata, tsoro ya kama ni. Za ki bar gida kina fushi da Ubangijinki a kan mutuwar ƙanenki, alhali wanda ya kamata ki yi fushi da shi yana nan zaune a zaure yana sauraron rediyo. Ni ne. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Bari in fara maimaita labarin, ko da kin haddace shi. Ruwan rijiyar masallacin gari ya ja baya, ɗanɗanonsa ya canza, aka kira Tanko ya yashe ta. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi. Yana cikin kwasar laka sai hannunsa ya taɓo ƙasusuwan akuya, da guntuwar igiya a wuyan, ƙulli biyu da tsumman jan zane. Nan take ya tuna da wannan ruwan duk gari ke alwala, liman da ladan da shi kansa, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Ya mayar da ƙasusuwan cikin laka, ya girgiza igiya aka jawo shi. Aka ce masa, "Me ka gani?" Ya ce, "Laka ce kawai." Daga ranar ya koma taimama a bayan gidansa. Daga baya ya bar taimamar, ya bar masallacin. Sai ya zauna a inuwa yana kallon masu alwala da murmushin raini, yana cewa a ransa da akwai mai karɓar sallar nan, da bai bari an yi ta da ruwan mushe ba. A haka ya tsufa, a haka aka ɗauke shi.

Kuskurena na farko a kan labarin nan na yi shi. Na koyar da shi kamar lissafi. In ja layi a tsakiyar allo, hagu alama, dama ma'ana. Rijiya ita ce duniya, ruwa imani, laka gafala, mushe kuwa zunubin da jama'a ke ɓoyewa. Yara su kwafa, su haddace, su amayo mini a jarrabawa, ni kuma ina hura hanci wai na iya adabi. Kai, Allah Ya yafe mana! Akwai shekarar da wata ɗaliba ta rubuta cewa ita dai tausayin Tanko take ji, don ba shi da wanda zai gaya wa. Na ja mata layi na rubuta, "Ba a tambaye ki ba." Yau in na tuna, kunya ke rufe ni.

Adabi za ki karanta, kuma za ki haɗu da malamai irina, masu layi a tsakiyar allo. Ki ba su abin da suke so ki ci jarrabawarki, ban hana ki ba. Amma in kin koma ɗaki ki sake karanta labarin a tsanake. Kafin ki ce rijiya na nufin kaza, ki fara ganinta rijiya mai baki da murfi, ki tambayi wa ya bar ta a buɗe. Marubucin kirki ba ya ajiye abu a labari don ado. In ya ce miki ƙulli biyu, ki tsaya a kan ƙullin. Zan dawo kan wannan.

Kuskure na biyu shi ne babba, tun ɗazu kewaye-kewayensa nake yi.

Lokacin muna Abare, kina da shekara huɗu, Almu yana rarrafe. An ba ki labarin yadda garin ya koma da dutsen zinariya ya fito: kowane gida daka, kowane lungu injin niƙa, ƙura a bango, ƙura a kan kwanon tuwo. Abin da aka gaya miki tun kina ƙarama shi ne ƙurar maƙwabta ce ta tsallako mana katanga. Ni na shirya wannan maganar, kuma ƙarya ce. Da hutun makaranta na ga sa'o'ina waɗanda ko firamare ba su gama ba suna sauya babura, zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ɗauko buhu biyu na dutsen a bayan babur, na sauke a tsakar gidanmu.

Innarki ta fito daga madafa ta tsaya tana kallon buhunan. Ta ce, "Malam, wanga dutse bai kwanta man ba. Agwagin maƙwabta duk sun ƙare, kuma wurin shanyarshi suke kiwo."

Na yi dariya. Na ce, "Ke da ko alli ba ki taɓa riƙewa ba, ke za ki koya mini ilimin dutse? Annobar kaji ce, kowace shekara ana yi."

Ta ce, "To a kai shi bayan gari mana."

Na ce a bayan gari sace shi za a yi. Na sa ta daka shi a turmin da take surfen gero, na ce in an wanke da ruwan zafi da toka shi ke nan. Garin dutsen muka baza a tabarma a tsakar gida, taku biyu daga inuwar da ake ajiye Almu. Yaro mai rarrafe kuwa kin sani, duk abin da ya taɓa baki yake kaiwa.

Ba a yi wata biyu ba ya fara amai, ya ƙi nono, sai jijjiga. Muka ce iska ce, muka ce haƙori ne, muka yi rubutu muka yi hayaƙi. Ranar da na yarda a kai shi asibitin Anka, a hanya ya cika, a goye a bayan Innarki. Ina ta tuƙa babur ina kauce wa ramuka don kada ya ji jijjigar hanya, ban sani ba, sai da ta dafa kafaɗata ta ce, "Malam, tsaya. Juya mu koma gida." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Za ki yi ilimin da ya fi nawa, in sha Allahu. To in wanda bai kai ki karatu ba ya ce miki abu bai kwanta masa ba, ki rufe baki ki saurara, ki tambaye shi me ya gani. Innarki agwagi ta gani. Ni da takardata ban ga komai ba, don ba na son in gani.

Bayan sadakar bakwai kika zo kika tsaya a gabana riƙe da hularsa. Kika ce, "Baba, me Almu ya yi wa Allah?" Na daka miki tsawa har kika saki hular. Na ce, "Kul! Kada in ƙara ji. Allah ne Ya ba mu, Ya karɓi abinSa." Maganar gaskiya ce, kowane Musulmi ya yarda da ita. Amma ba don gaskiyarta na faɗe ta ba, fakewa na yi a bayanta. Kin zo da tambaya, amsarta na zaune a gabanki, sai na nuna miki sama na ce can za ki duba, kuma na hana ki magana. Yarinya 'yar shekara huɗu ina za ta kai wannan? Ajiye shi kika yi a ciki, yana girma kina girma.

Ba a nan na tsaya ba. Da mutuwar yara ta yi yawa, ma'aikatan lafiya suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Suka riƙa bin gida-gida suna tambayar inda aka taɓa daka, don su fara kankare ƙasar gidan su kuma auna jinin yaran. Suka iso zaurena, ga mutanen unguwa tsaye, masu kirana Malam, masu kawo mini takarda in karanta musu. Wata ma'aikaciya ta ce, "An taɓa daka dutse a gidan nan?" Na ce, "A gidan malamin makaranta? Haba!" Ta rubuta, suka wuce. Sai da aikin kankara ya game gari aka iso namu. A tsakanin nan, wata da watanni, a kan wannan ƙasar kike zama kina dafa tuwon wasa. Ranar da aka auna jininki, likitan bai bari mun koma gida ba sai da aka ɗora ki a kan magani.

Ki ji tsoron kunyar da ke sa mutum ƙarya don ya tsira da sunansa. Na san ta ciki da waje. Da na ce "e" ranar nan, da an yi mako guda ana gulmata a majalisa, an manta.

Daga nan zuciyata ta bushe. Muka dawo Anka, aka ci gaba da sa ni gaba a sallar azahar a masallacin makaranta, don ana ganin na fi kowa karatu. Shekara biyu ina jan mutane sallah, bakina na karatu, cikina wayam. In na sallame na juyo sai in riƙa duban fuskoki, in ce wancan ya fi ni daka dutse, ga 'ya'yansa nan suna gudu, ina adalcin? Har na kai ina cewa a raina wataƙila babu mai sauraro. Astagfirullah. Kuma a cikin shekarun nan ina shiga aji ina ja wa yara layi a allo a kan Tanko, ko sau ɗaya bai faɗo mini ba cewa labarina nake karantawa.

Wata Asabar da la'asar ina zaune a tsakar gida ina duba takardun jarrabawa, Innarki na gefe tana tsinkar zogale. Ta ce, "Wai wane labari ne wanga da kullum kake ja ma ɗiyan mutane jan biro a kai?" Na ba ta shi tiryan-tiryan, har da fassarar alamomin, ina jin kaina. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Akuyar wa ce?"

Na ce, "Ba a faɗa ba. Ai alama ce, zunubin jama'a take nufi."

Ta ce, "Malam, ni na yi kiwo. Akuya dai da mai ita. Ka ce ƙulli biyu da jan tsumma, kuma kowane gida da irin ɗaurinsu. Shi da ya ga igiyar ya gane ta, shi ya sa ya maishe ta cikin laka. In da ta wani ce, wallahi da ihu zai fito, kowa ya ji."

Na ɗauko littafin don in ƙaryata ta. Na buɗe shafin farko, wanda kullum nake tsallakewa da sauri don in kai ga rijiya. Ga shi nan, layi ɗaya tak: matar Tanko na yaga tsohon jan zaninta, shi kuma yana ɗaura wa awakinsa don kada su gauraya da na maƙwabta. Na juya shafi na biyu. Ga murfin rijiyar jingine a zauren Tanko, ya karɓo zai gyara tun kaka bai mayar ba. Ki duba naki, Uwata, suna nan. Sama da shekara goma ina koyar da labarin nan, mace mai tsinkar zogale ta warware shi a zama ɗaya.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ni ma da hannuna na daka. Kullum sai na roƙi gafara. Kai ko ka bar roƙo, don in za ka roƙa sai ka faɗi abin da ka yi." Sau ɗayan nan ta taɓa yi mini maganar, ba ta ƙara ba har yau. Na tashi na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Sallar magaribar ranar ita ce ta farko cikin shekara biyu da na san da Wanda nake magana.

Ga yadda na fahimci labarin yanzu. Tanko bai rabu da masallaci don ya ga asirin mutane ba. Nasa ya gani. Ya fi masa sauƙi ya ce babu mai karɓar sallah da ya ce akuyata ce, ni na ɗauke murfin. Murmushin rainin nan da yake yi wa masu alwala, na san ɗanɗanonsa, tsoro ne. Maganin kuma a hannunsa yake tun yana ƙasan rijiya: ya ce a zuro kwando, ya fito da ƙasusuwan, a kwashe ruwan har mai kyau ya ɓuɓɓugo. Ko ɗalibin da ya fara babin tsarki a fiƙihu ya san haka ake yi. Ya zaɓi ya bar mutanen gari na shan ruwan mushe, ya kuma ɗora wa Allah laifin.

Kin rubuta "gaskiyarsa" don kin ɗauka ke ce Tanko. A'a. Ke kina cikin waɗanda suka tsaya a bakin rijiya aka ce musu laka ce kawai. Kin sha ruwan, kin ji ɗanɗanon ba daidai ba, kin tambaya an daka miki tsawa. Dole ki nemi wanda za ki zarga, ni kuma na riga na nuna miki sama.

Saura ɗaya, shi ya fi ci mini rai. Kin tuna kina firamare, in biya miki karatu da safe, kafin azahar ya zube? Kin tuna rular katako, da yadda kike miƙo tafin hannu tun kafin in ce ki miƙo? Ina ce miki malalaciya. Uwata, likita ya gaya mini tun farko cewa gubar nan na taɓa riƙon karatun yaro. Na sani. Duk mantuwar da kika yi tuna mini take da buhunan nan, sai in huce a hannunki. Abin da sa'o'inki ke karantawa sau ɗaya, ke sai kin yi sau biyar, kika daure har ga ki a jami'a. Ke da Allah kuka yi wannan aikin, ni ba ni da kaso a ciki. Na tuba ga Allah tuntuni, na roƙi Innarki gafara, amma ke na bar ki cikin duhu duk shekarun nan don ina son yadda kike kallona in na shigo gida. Ashe ban gama fito da ƙasusuwan ba.

Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita, kwanan Almu ya ƙare ranar da ya ƙare. Amma Wanda Ya rubuta kwanan Shi ne Ya ba ni ido da kunne da mace mai hankali, kuma zai tambaye ni me na yi da su. Ban ce miki na warware duk tambayoyin da ke ranki ba. Akwai yaran da iyayensu ba su daka komai ba, su ma sun tafi, wannan kam ban san amsarsa ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba. In irin wannan tambayar ta taso miki a can, kada ki binne ta. Ki nemi malamin da ba ya tsawa ki yi masa. Ki yi wa Allah ita kai tsaye a cikin sujada, ba Ya firgita da tambayar bawanSa kamar yadda na firgita. Ko ranar da kika ji zuciyarki a bushe, ki tashi ki tsaya a kan dardumar. Abin da nake roƙo kawai, fushin da kike yi a kan Almu ki sauke shi inda ya dace. Ki ji haushina yadda kike so, shekara nawa kike so, zan ɗauka. Na riga na jawo sanadin rasa ɗa guda. Ba zan iya tsayuwa gaban Allah da alhakin imaninki a kan wannan ba.

Ki kula da cin abinci, kada ki zauna da yunwa saboda karatu. In za ki zo hutu kada ki shiga motar yamma, in yamma ta yi miki a hanya ki sauka Gummi wajen gwaggonki.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya buɗe miki ƙirji, Ya ba ki ilimi mai amfani da abokai na gari. Allah Ya jiƙan Almu da sauran yaran da suka tafi tare da shi, Ya sa masu ceton iyayensu ne. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Innarki ta san na rubuta wannan, na karanta mata kafin in ninke. Mun yi da ita in kin kira waya ita za ta ɗauka. In kin ce a ba ni, za ta ba ni. In ba ki ce ba, ba zan miƙa hannu ba, kuma ba za ta tambaye ki dalili ba. Amma duk lokacin da wayar ta yi ƙara, ki sani ina zaune kusa da ita.

Wassalam.

Babanki.